Gidan Ƙasa A Ƙasar Amurka: Tun 1875 Yana Tsaye

 

A ƙauyukanmu yanzu, in mutum ya sayar da amfanin gona ya sami 'yan kuɗi, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne ya rushe tsohon soron gidansu ya sa bulo da kwano. Wasu ma kunya suke ji a ce a gidan ƙasa suke kwana. Suna ganin ginin ƙasa na talaka ne, wanda bai waye ba.

To, a wannan wata za mu kai ku ziyara wani gidan ƙasa. Gidan yana ƙasar Amurka, inda ake da dogayen benaye na ƙarfe da gilashi. Wani attajiri ne ya gina shi a shekarar 1875. Iyalinsa sun zauna a ciki fiye da shekara 100. Yau gwamnati ce ke kula da shi, mutane kuwa har kuɗi suke biya su shiga su gani. Sunansa Gidan Magofin, yana garin El Paso. Ku biyo mu ku ji yadda aka gina shi, da abin da ya sa bai faɗi ba.

Ina Ne El Paso?

Ana faɗin sunan garin kamar haka: Elfaso. Yana jihar Teksas, can ƙarshenta ta yamma, a kudancin Amurka. Gari ne na bakin iyaka. Wani kogi mai suna Riyo Girande shi ne ya raba Amurka da ƙasar Meziko a wurin. In ka tsaya a El Paso ka dubi ƙetaren kogi, garin da kake hange shi ne Juarez, ana faɗinsa Huwares, kuma na Meziko ne. Gadoji ne suka haɗa garuruwan biyu. Kullum dubban mutane na ƙetarawa, wasu aiki, wasu makaranta, wasu kasuwa, wasu gaida dangi.

A da duk yankin ƙasa ɗaya ce. Turawan Sifaniya ne suka fara mulkinsa, daga baya ya zama na Meziko. A 1846 yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko. Da aka yi sulhu a 1848, sai aka ce kogin nan shi ne iyaka. Mutanen da ke arewa da kogi suka wayi gari 'yan Amurka, na kudu suka ci gaba da zama 'yan Meziko. Harshensu ɗaya, abincinsu ɗaya, suna auren juna. Wanda ya san Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wurin hamada ne. Rana tana da zafi ƙwarai da bazara, da hunturu kuma akan yi sanyi har ruwa ya daskare. Ruwan sama kaɗan ne, kimanin inci 9 a shekara. Manyan itatuwa na katako ba su da yawa, sai an tafi kan duwatsu masu nisa. Amma akwai ƙasa mai kyau a bakin kogi, ga kuma rana mai busar da ita. Saboda haka tun da can mutanen yankin da ƙasa suke gini. A Juarez akwai wata majami'a ta ƙasa da aka kafa tun 1659, har yau tana tsaye.

Su Wane Ne Masu Gidan?

Tushen gidan wani Bature ne mai suna James Magofin. An haife shi a 1799 a jihar Kentaki ta Amurka. Bafatake ne. A zamaninsa babu mota, babu jirgin ƙasa a yankin. Fatake sukan haɗa ayari na manyan amalanke, shanu da alfadarai na ja, su yi watanni a hanya. Suna kai yadi da sauran kaya Meziko, su komo da azurfa da alfadarai. James ya daɗe a Meziko yana wannan ciniki, ya iya harshensu, ya auri 'yar ƙasar. A can, a garin Chihuahua, ana faɗinsa Ciwawa, aka haifa masa ɗa a 1837. Aka sa masa suna Joseph, wato Yusufu a bakinmu.

Bayan an yanka iyaka, a 1849 James ya zo arewa da kogi ya kafa babban gida na ƙasa, da kanti, da gonaki. Mutane suka taru suka zauna kusa da shi, har wurin ya zama ɗan ƙauye ana kiransa da sunansa. Sojojin Amurka ma sun taɓa yin bariki a wurin.

Daga nan sai abubuwa suka lalace. A 1861 yaƙin basasa ya tashi a Amurka tsakanin Arewa da Kudu. Babban abin da ya jawo yaƙin shi ne maganar bauta: manyan Kudu ba su son a hana su mallakar bayi. James da ɗansa Joseph suka bi bayan Kudu. A 1865 aka ci Kudu da yaƙi. Hukuma ta ƙwace dukiyar Magofin. Kogi kuma ya yi ambaliya ya cinye gidan nan na farko. James ya rasu a 1868.

Joseph bai karaya ba. Ya komo El Paso, ya yi ta fafutuka har aka mayar masa da filayen mahaifinsa. A 1875 ya fara gina nasa gidan, shi da matarsa Octavia. Wannan shi ne gidan da muke magana a kai.

A lokacin El Paso ƙauye ne. A ƙidayar 1880 mutanensa ba su kai 800 ba. Sai ga jirgin ƙasa ya iso a 1881. Cikin shekara goma mutanen garin suka haura 10,000. Filaye suka yi tsada, Joseph kuwa yana da fili mai yawa, sai ya zama babban attajiri. Yana cikin waɗanda suka kafa banki a garin a 1881. Ya yi alƙali, ya riƙe aikin kwastan, kuma sau huɗu ana zaɓensa magajin gari.

Ku lura da wannan. Da jirgi ya zo, sai jan bulo da katako suka samu a sauƙaƙe. Baƙin da suka cika garin suka riƙa raina ginin ƙasa, ana rushe tsofaffin gidaje ana yin irin na zamani. Joseph yana da kuɗin da zai gina kowane irin gida yake so. Amma bai rushe nasa ba. Ƙara masa ɗakuna ya yi ta yi, duk na ƙasa, har suka kai 19. A nan ya riƙa saukar manyan baƙi, hafsoshin soja da 'yan siyasa na Amurka da na Meziko. Ya rasu a 1923.

Yadda Suke Yin Tubalinsu

Mutanen can suna kiran tubalinsu adobi. Kalmar ta shiga harshen Sifaniya ne daga Larabci, inda ake ce wa tubali aɗ-ɗub. Larabawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna mulki a Andalus, wato Sifaniya ta yau. Daga nan Turawan Sifaniya suka haye teku da kalmar zuwa Meziko. Ku faɗi aɗ-ɗub, ku faɗi tubali, ku ji yadda suka yi kama.

Tun kafin Turawa su zo, mutanen asali na yankin suna gini da ƙasa. Akwai wani garinsu mai suna Taos, a jihar Sabuwar Meziko, wanda gidajensa na ƙasa ne masu hawa-hawa. An gina su tun kafin Turawa su san da ƙasar, kuma har yau akwai mutane a ciki. Abin da Turawan Sifaniya suka kawo shi ne akwatin katako na buga tubali.

Ga yadda ake yi. A haƙo ƙasa wadda ke da yumɓu da yashi daidai gwargwado. In yumɓu ya yi yawa, tubali zai tsage. In yashi ya yi yawa, zai marmashe. A zuba ruwa, a sa karan alkama ko ciyawa, a tattake da ƙafa har ta kwaɓu. Sai a cika akwatin katako, a shafe samansa, a ɗaga akwatin. Tubali ya fito mai kusurwa huɗu, mai faɗi, ba mai tsayi ba. A bar shi kwance ya sha rana 'yan kwanaki, sa'an nan a tayar da shi a kan gefensa don iska ta ratsa. Sai ya yi makonni kafin ya bushe sarai. Ba a gasa shi da wuta. Wajen gini kuma da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ake haɗa shi.

Kun ga bambancinsa da namu kaɗan ne. Namu da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini. Nasu a akwati ake buga shi. Amma ƙasa ce, da ruwa, da ciyawa, da rana.

Rufin irin waɗannan gidaje shimfiɗaɗɗe ne kamar soronmu. Sukan jera manyan gungumen itace a kan katanga, yadda muke jera azara. A bisa su a shimfiɗa ƙananan sanduna ko katako, sa'an nan a zuba ƙasa a daddaɓe. Suna kuma sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango.

Mu Shiga Ciki

A zamanin Joseph, gidan yana bayan gari, lambuna da itatuwan marmari sun kewaye shi, ana ba su ruwa ta hanyar lambatu daga kogi. Yau gari ya cim masa ya wuce. Mutanen El Paso sun haura 600,000, gidan kuwa ya koma tsakiyar birni, tituna ta kowane gefe. Abin da ya rage na filin bai fi eka ɗaya da rabi ba.

In ka tunkari gidan daga waje, ba za ka ce na ƙasa ne ba. Dogon gini ne mai hawa ɗaya. An yi masa shafe, aka kuma zana layuka a jikin shafen, tsaye da kwance, don mai kallo ya zaci da sassaƙaƙƙen dutse aka gina shi. Ƙofofi da tagogi na katako ne, an yi musu ado irin na Turawan gabashin Amurka. Wato jikin gidan na mutanen Meziko ne, kwalliyarsa ta Turawa, kamar yadda shi mai gidan uwarsa 'yar Meziko ce, ubansa Bature.

Akwai ma'aikata masu zagayawa da baƙi suna yi musu bayani. Da ka sa ƙafa a bakin ƙofa za ka ga kaurin bangon. Ya fi ƙafa biyu. Tagogi sun shige can ciki, har mutum ya iya zama a bakinsu. Daga ƙofa sai wani dogon falo mai faɗi, ɗakuna na buɗewa dama da hagu. A nan ake tarbar baƙi, aikin da zaure ke yi a gidajenmu. Rufin ɗakunan yana da nisa ƙwarai daga ƙasa.

An gina gidan ɓangare uku, suka kewaye wani fili a tsakiya. Wannan fili shi ne tsakar gida. Yana samun inuwar bango, iska na shiga, wanda ke waje kuma ba ya ganin abin da iyali ke yi.

Yawancin kayan da ke cikin ɗakunan na iyalin ne na ainihi. Akwai gadaje na katako masu nauyi, da kujeru, da tebura, da madubai, da kwanuka da tangaran. Akwai hotunan masu gidan rataye a bango, kakanni da jikoki. Akwai murhun jin ɗumi a jikin bango saboda hunturu. Ba a yarda baƙo ya taɓa kaya ko ya zauna a kansu ba. Hannu ɗaya ba zai ɓata kujera ba, amma hannu dubu zai ɓata ta.

Me Ya Sa Ɗakin Ƙasa Ke Da Sanyi?

Ba baƙon abu ne a wurinmu ba cewa soro ya fi ɗakin kwano daɗin kwana. Amma mene ne dalili?

Bango mai kauri ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri. Da safe rana ta fara dukansa daga waje. Ƙasar tana shan zafin a hankali, a hankali. Kafin zafin ya kai cikin ɗaki, rana ta faɗi. Da dare, lokacin da gari ya yi sanyi, sai bangon ya riƙa sakin zafin da ya sha. Saboda haka da rana ɗaki da sanyi, da dare kuma da ɗumi. Nisan rufi ma yana taimako, domin iska mai zafi sama take tashi, ta bar mutane a ƙasa cikin mai sanyi.

Kwano kuwa ba shi da kauri. Da rana ta taɓa shi, nan take zafin ya sauko kan mai ɗaki. Da hunturu kuma nan take ya huce. Bulon siminti mai rami a ciki shi ma bai kai tubali riƙe sanyi ba. A lokacin da Joseph ya gina gidansa babu lantarki a garin, balle fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Bangon nan shi ne fankarsu, shi ne bargonsu.

Yadda Gidan Ya Koma Hannun Hukuma

Joseph ya bar 'ya mace mai suna Josephine. Ta auri wani hafsan soja mai suna William Glasgow, wanda ya kai muƙamin janar. Bayan ya bar aiki suka zauna a gidan har ƙarshen rayuwarsu. Janar ɗin ya haura shekara 100 a duniya, ya rasu a 1967.

A 1971 gwamnatin Amurka ta sa gidan cikin littafinta na wuraren tarihi. A 1976 hukumar birnin El Paso da gwamnatin jihar Teksas suka haɗa kuɗi suka saye shi. Amma akwai jikar Joseph, mai sunan kakarta Octavia, wadda ke zaune a ciki. Ba a tashe ta ba. Aka yi sharaɗi ta ci gaba da zama a wani sashe muddin ranta. Ta zauna har ta rasu a 1986. Tun daga 2008 hukumar tarihi ta jihar Teksas ce ke riƙe da gidan. 'Yan makaranta na zuwa, baƙi daga wasu ƙasashe na zuwa.

Abin lura a nan shi ne, tun daga ranar da aka gina gidan ba a taɓa barinsa kango ba. Kullum akwai mai kwana a ciki, ko mai kula da shi. In rufi ya fara yoyo, akwai wanda zai gani. In bango ya tsage, akwai wanda zai toshe. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abokan Gaban Ginin Ƙasa

Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Kun ji yadda kogi ya cinye gidan uban. Amma ba sai ambaliya ba. Ruwa yana cin bango ta hanya uku. Yana shiga ta sama, in rufi ya tsage ko indararo ya toshe. Yana dukan jikin bango in ana ruwa da iska. Yana kuma hawowa daga ƙasa, in ruwa na kwanciya a gindin bango. Wannan na uku ya fi haɗari, domin gindi yake ci, gindin kuwa shi ke ɗauke da nauyin ginin duka.

Abokin gaba na biyu zai ba ku mamaki. Shi ne shafen siminti a kan bangon ƙasa. Mutane da yawa suna yin haka don su huta da yaɓe. A Amurka ma sun yi, sun kuwa sha wuya.

Ga misali. A garin Ranchos de Taos, kusa da Taos ɗin nan da muka ambata, akwai wata tsohuwar majami'a ta ƙasa wadda ta shahara. A 1967 aka shafe ta da siminti, ana cewa an gama da wahalar yaɓe. Ba a daɗe ba sai aka tarar bangon yana ruɓewa a ƙarƙashin simintin. A 1979 aka ɓamɓare shi, aka gyara bangon, aka koma yaɓe da ƙasa. Tun daga nan kowace shekara mutanen garin, maza da mata da yara, sukan taru su yaɓe ta da hannu.

Me ya faru? Bangon ƙasa yana shan laima, yana kuma fitar da ita in rana ta fito. Yaɓen ƙasa ko na farar ƙasa ba ya hana laimar fita. Siminti kuwa yana kulle ta a ciki. Bayan haka, siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Zafi da sanyi na sa simintin ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsagar ya shige, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya zama taɓo. Mai gida ba zai sani ba sai ranar da ya rufto. Shi ya sa masana gyaran tsofaffin gine-gine a can suke hana shafa siminti a kan tubalin ƙasa.

Mu Fa?

Ba mu ce kowa ya zauna a gidan ƙasa dole ba. Wanda Allah ya hore wa ya gina na bulo, ya gina. Kuma gaskiya ce ginin ƙasa yana son aiki. Ruwan da ake yi a ƙasar Kano a shekara ya ninka na El Paso sau uku ko fiye. Saboda haka namu ginin ya fi nasu bukatar kulawa. Kowace damina mukan ji labarin soro ya faɗa wa mutane suna barci. Yawanci in an bincika, za a tarar an daɗe ba a yi wa ginin yaɓe ba, ko ruwa ya daɗe yana kwanciya a gindinsa.

Maginanmu sun san maganin wannan tun kaka da kakanni. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Da irin wannan sani Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya. Da shi aka gina Gidan Makama na Kano, wanda yau gidan tarihi ne, da hasumiyar masallacin Agadas. A garin Jenne na ƙasar Mali, kowace shekara duk gari ke fitowa a yaɓe babban masallacinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abubuwan da mai gidan ƙasa zai kiyaye:

1. Kafin ruwan farko, hau rufi ka duba. Toshe duk tsagar da ka gani, ka cire ciyawar da ta tsiro.

2. Share indararo. In ya karye ko ya yi gajere, sake shi, don ruwa ya zuba nesa da bango.

3. Tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje. Kada ka bar kwata ko ruwan wanka su bi ta gindinsa.

4. Yi yaɓe a kan kari, kada ka jira sai tubali ya bayyana. In aikin ya fi ƙarfinka, kira gayya.

5. Duba azara saboda gara. Wadda ta ciwu a canza ta.

6. In bango ya yi ciki, ko ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa, ko gindinsa ya jiƙe ya yi laushi, fitar da iyali daga ɗakin a ranar. Kira magini ya duba. Rai ya fi ɗaki.

Kafin Ka Rushe, Ka Rubuta

Akwai wani abu kuma da ya taimaki Gidan Magofin. Iyalin sun ajiye takardu da wasiƙu da hotuna. Shi ya sa yau ake iya cewa wane ne ya gina gidan, a wace shekara, wa ya aura, wa ya haifa. Da ba a rubuta ba, da labarin ya bi tsofaffi kabari.

Gidajenmu na gado da yawa sun girmi wannan gida. Akwai zauren da kakan kakanka ya karantar da almajirai. Akwai soron da fatake suka sauka a ciki. Akwai gidan sarkin noma, da na sarkin maƙera, da na maigari. Amma in ka tambayi samarin gidan wa ya gina, sai su ce ba su sani ba.

Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, yanzu kana da abin da kakanninka da yawa ba su samu ba. Sayi littafin rubutu ɗaya. Je wurin tsohon da ya fi kowa shekaru a gidanku, ko tsohuwa. Tambaye su: Wa ya kafa gidan nan? Daga ina ya zo? A zamanin wane sarki? Wane magini ya yi soron? Su wa aka haifa a ciki? Rubuta abin da suka faɗa, ko da layi biyar ne a rana. Sa kwanan wata. Ajiye littafin inda gara da ruwa ba za su taɓa shi ba.

In kuma za ka yi sabon gini, duba ko akwai fili a gefe. Ba dole sai ka rushe zauren kakanka ba. Joseph Magofin da ya sami kuɗi ƙari ya yi, bai rushe ba.

Tambayoyi Domin 'Yan Aji

1. A wace ƙasa garin El Paso yake, kuma wane kogi ne ya raba shi da Juarez?

2. A wace shekara aka fara gina Gidan Magofin? Ɗakuna nawa ne a cikinsa?

3. Faɗi bambanci ɗaya tsakanin tubalinsu da namu.

4. Ta waɗanne hanyoyi uku ruwa ke cin bangon ƙasa?

5. Me ya sa shafen siminti ke cutar bangon ƙasa?

Malaman aji su taimaka a karanta wannan bayani a bayyane, a kuma tattauna shi. Wanda ya rubuta tarihin gidansu, ya ba malaminsa ya aiko mana ta ofishin hukuma na ƙaramar hukumarsu. Za mu buga waɗanda suka samu shiga, in Allah ya so. Sai wata mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu, amin.